Samanja Mazan Fama: Banufen da ya shigo da bariki cikin gidajen Hausawa

Ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023 Allah Ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, bayan doguwar jinya. A Kano ko Zariya ko Sakkwato, in ka ce Usman Baba sai an tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce Samanja, magana ta ƙare. Mu nan Sudan, a Sinja da Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, labarin ya iske mu wata bakwai da ɓarkewar yaƙi a Khartum, kowa na ta kansa, shi ya sa ya wuce ba a yi zancensa ba. Ga shi kuma yawancinmu ba mu tashi da wasanninsa ba, domin akwatin talabijin na gidajenmu Umdurman yake kamawa. Sai yanzu da waya ta shiga hannun kowa ake turo gutsattsarin tsofaffin shirye-shiryensa, hoto dishi-dishi, wani mutum cikin kaki yana daka tsawa da wata irin Hausa, yara na tambaya wane ne wannan. Tambayar ta cancanci amsa, kuma a cikin amsar akwai abin da ya shafe mu fiye da yadda ake zato.

A fara da sanin irin ɗan wasan da ake magana a kai. A fim da dirama akwai jarumi, wanda labari ke kewayawa a kansa, kyakkyawan saurayi ko budurwa da ake buga hotonsu a fasta. Akwai kuma wani iri daban, wanda ke ɗaukar halin wani mutum da kowa ya sani a gari, mai unguwa ko dillaliya ko malamin tsibbu ko ɗan kamashon tasha, ya shige cikinsa da murya da tafiya da yadda yake karkata hula, har mai kallo ya rantse ya san mutumin, a layinsu yake. Jarin irin wannan ɗan wasa kunne ne da ido. Yakan daɗe yana sauraron mutane kafin ya buɗe baki. In kuwa ya dace, sunan da ya ara sai ya cinye na yanka, har a wurin ɗaurin aure da jana'iza da shi za a kira shi.

Wanda ya girma a Sudan ya san wannan ko ba a bayyana masa ba, tunda ya ga Fadil Sa'id. Namiji ne, amma da ya yafa mayafi ya fito a Bit Gudaim, tsohuwar nan mai kaifin harshe, sai ka manta da namiji ne. Haka in ya koma Al-Ajab ko Kartub. Ya yi shekaru yana yawo da ƙungiyarsa gari-gari, bai tsaya a dandamalin Umdurman kaɗai ba, har ajali ya same shi a Bur Sudan a 2005. To, matsayin da Fadil Sa'id yake da shi a zukatan mutanen nan, shi Samanja yake da shi a ƙasar Hausa.

Abu na farko da zai ba ku mamaki: ba Bahaushe ba ne. An haife shi a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin kogin Neja, daura da inda kogin Kaduna ke zubowa cikinsa, a jihar Kwara ta yau. Ɗan gidan sarauta ne, gidan Etsu, wato sarkin Pategi. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce makarantar midil a Ilorin, sannan ya hau Arewa zuwa Kaduna neman abin yi. Kaduna a lokacin ita ce hedikwatar Jihar Arewa, garin ma'aikata da sojoji da 'yan jirgin ƙasa, inda kowace ƙabila ta zo da harshenta amma kasuwa da Hausa ake ci. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a can, kuma Usman Baba na cikin samarin da suka samu aiki a gidan.

Sai yaƙin basasar Nijeriya ya zo, daga 1967 zuwa 1970. Ya shiga soja, ya samu horo a sashen sadarwa, bai kuma ajiye kaki ba sai a 1985. Ɗan sarki ne da bai bi hanyar rawani ba. Ya bi ta bariki da gidan rediyo, kuma waɗannan biyun ne suka haɗu suka haifi Samanja.

Sunan kansa muƙami ne. A tsanin soja akwai kurtu, da farabiti, da kofur, da saje, sannan samanja, wanda sojojin Sudan suke kira sol. Daga nan sai hafsoshi: laftanan, kyaftin, manjo, kanar, har janar. Samanja shi ne ƙololuwar ƙananan sojoji, amma bai kai hafsa ba. Yana iya girmar laftanan da shekara ashirin, ya fi shi sanin bindiga da daji, duk da haka in yaron ya shigo dole ya ƙame ya sara masa. Fareti nasa ne, tsabtar bariki tasa ce, horon mai laifi nasa ne, in kuma abu ya ɓaci shi za a fara kira.

Ku dubi mutumin da kyau, za ku ga dalilin da ya sa ya zama ma'adinin dariya. Da safe yana filin fareti, sanda a hammata, ƙirji a waje, idonsa na bin takalma ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a gaban wani kurtu da maɓallinsa ya kwance, ya yi masa tsawar da za a ji a bakin ƙofa. Can sai ga motar kwamanda. Nan take muryar da ta cika fili ta koma ƙarama, kafaɗa ta miƙe, ba abin da ke fita daga bakinsa sai amsa umarni. Da yamma ya koma kwata, ya tarar kuɗin cefane ya ƙare tun tsakiyar wata, mai shago ya aiko, uwargida kuma ba ta karɓar oda. Mutum ɗaya, fuska uku a yini guda, yana tsakanin turmi da taɓarya. Kowane magidanci da ke da na sama da shi da na ƙasa da shi ya ga kansa a nan, ko bai taɓa taka bariki ba.

Lokacin da shirin ya fito ma yana da muhimmanci. Kafin yaƙi sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama sun kai wajen 250,000. Barikoki ba su ishe su ba, da yawa suka kama haya a cikin unguwanni, ga kaki ga bindiga ga zafin kai na wanda ya dawo daga fagen fama. Tsakaninsu da farar hula akwai tsoro, akwai kuma rigima a kasuwa da tasha. A cikin wannan yanayi, a shekarun 1970, Samanja Mazan Fama ya fara fita daga Kaduna, a rediyo da talabijin. Ya buɗe wa talaka ƙofar bariki ya leƙa, ya ga ashe wannan mai tsawar shi ma ana bin sa bashi, shi ma yana tsoron wani, shi ma ɗansa na zazzaɓi. Sojan kuma ya zauna ya kalli kansa ya yi dariya. A ganina wannan aiki ne babba, kuma ba kowace lacca ce za ta iya shi ba.

Amma inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne harshe, kuma a nan ya kamata mu daɗe.

Tun zamanin Turawa, Hausa ce harshen rundunar da suka kafa a Afirka ta Yamma. Sojojin kuwa da yawansu ba Hausawa ba ne: Tibi, Dakarkari, Angas, Bachama, Nufawa, Barebari da sauransu. Kowa ya koyi Hausar da za ta ishe shi karɓar umarni da sayen abinci, ya haɗa da kalmomin Turanci da aka lanƙwasa, irin su fareti da oda da kwata. Daga nan aka samu abin da ake kira Barikanci. Mai yin sa ba ya raba namiji da mace, sai ka ji ya ce yarinya ya tafi kasuwa. Haruffa masu ƙugiya sukan miƙe a bakinsa, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Karin sauti yakan bi na harshen da ya sha a nono. Bakano ko Basakkwace in ya ji, yakan ɗauke ta gurɓatacciyar Hausa, ta 'yan koyo.

Usman Baba ya ɗauki wannan Hausar da ake rainawa ya mai da ita kayan aiki. Ya san inda za a tauna kalma, inda za a ja ta, inda za a watso Turancin buroka a tsakiyar jimla sannan a dawo Hausa kamar ba a yi komai ba. Da shirin ya bunƙasa aka ɗauke shi zuwa tashar ƙasa ta NTA, wadda aka kafa a 1977, sai ya ƙara yawan burokan don mutanen Legas da Inugu su bi labarin, kuma suka bi. Abin lura shi ne, ba daga waje ya tsaya yana kwaikwayon wasu ba. Shi kansa Hausa harshe na biyu ce a wurinsa, shi kansa ya sa kakin, ya kwana a barikin, ya sha tsawar samanjoji na gaske. Don haka in mai kallo ya yi dariya, da Samanja yake yi, ba Samanja yake yi wa ba. Mutumin na da wauta, yana da cika baki, amma yana da mutunci, yana son aikinsa, kuma sau da yawa gaskiyar da ke cikin labarin daga bakinsa take fita.

Mu Hausawan Sudan mun san ɗaya gefen wannan al'amari, kuma mun san shi da ciwo. Mun sha jin yadda ake kwaikwayon Larabcinmu a barkwancin dandali da na motar haya, a murɗe harshe, a kira sunan ƙabila, a fashe da dariya, shi ke nan. Wanda ake kwaikwaya ba shi da suna, ba shi da gida, ba shi da wata magana mai ma'ana da zai faɗa. Lafazinsa kaɗai ake so. Wannan ba fasaha ba ce, kuma bai kamata mu yarda a kira shi haka ba. Mun ga inda raini ke kaiwa in ya daɗe yana taruwa. Rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022 bai bar zukatanmu ba. Ma'aunin da za ku riƙe mai sauƙi ne. In kun ga ɗan wasa yana kwaikwayon wani, ku tambayi kanku: da wanda ake kwaikwayon yana zaune a nan, zai yi dariya tare da mu, ko zai sunkuyar da kai? Sojoji sun kasance cikin manyan masoyan Samanja. Wannan ya isa shaida.

Yadda ake shirya irin waɗannan wasanni ma abin sani ne. Yawancin diramar Hausa ta rediyo da talabijin a wancan zamani ba a rubuta ta kalma bayan kalma. Mai shiryawa zai zo da ƙashin labari: yau albashi ya makara, ko an kawo sabon kurtu mai taurin kai, ga inda za a fara, ga inda za a tsaya. Sauran kuwa 'yan wasa ne za su cika da bakinsu. A ɗakin ɗaukar murya za su kewaye makirufo guda, wanda ake so a ji kamar daga nesa yake ya ja da baya, mai shigowa ya buga ƙafa a katako, wani ya kaɗa kofi da cokali don a san ana shan shayi. Ba wurin ɓuya. In ba ka san halin da ka ɗauka ciki da waje ba, abokin wasanka zai jefo maka magana ka rasa amsa, kuma mai sauraro zai ji. Shi ya sa waɗanda suka fito daga wannan makaranta, da ta wasan daɓe a gaban jama'a, suke da wata nutsuwa da saurin baki da ba a cika samu ba a wurin wanda ya fara da kyamara, inda in an yi kuskure sai a yanke a sake.

Ba zan ɓoye muku iyakar abin ba. Nijeriya na ƙarƙashin mulkin soja daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kuma tashoshin da ke watsa shirin na gwamnati ne. Ana iya yi wa kofur da saje dariya a irin wannan gida. Waɗanda ke zaune a fadar mulki kuwa, dariya ba ta isa ta hau can ba. Mai neman wasan da zai tuhumi juyin mulki ko ya tono abin da aka yi a fagen yaƙi, ba a nan zai same shi ba. Na kuma san akwai mai karatu a Sinja da zai ce, bayan yaƙin da garin nan ya gani daga ƙarshen Yunin 2024 zuwa Nuwambar shekarar, shi bai ga abin dariya a jikin mai bindiga ba. Yana da gaskiya, kuma ba wanda zai tilasta masa. Abin da kawai zan tuna masa shi ne, masu kallon Samanja na farko su ma daga yaƙi suka fito, da yawansu sun binne nasu.

Samanja bai kasance shi kaɗai ba. Zamaninsa ya tara gwanaye. Akwai Ƙasimu Yero, Bazazzagi, wanda Hausawa suka sani a Karambana da wasan talabijin na Magana Jari Ce, sauran 'yan Nijeriya kuma suka san shi da Kawu Gaga a wani shirin Turanci na NTA kan rayuwar manoma; ya rasu a Kaduna a watan Satumban 2017. Akwai Umaru Ɗanjuma Katsina da ake kira Kasagi, da Golobo a Sakkwato, da Abdullahi Shu'aibu Karkuzu a Jos. Su ne suka share fagen da finafinan bidiyo na Kano suka taka daga 1990. Rabilu Musa Ibro, wanda ya fi kowa tashe a barkwancin bidiyo har rasuwarsa a Disambar 2014, shi ma ma'aikacin gidan yari ne kafin ya koma wasa. Wani mai kakin ke nan da ya kalli mutane da kyau kafin ya kwaikwaye su.

Ƙarshen da yawa daga cikin dattawan nan yana sa mutum baƙin ciki. Sun yi aiki a zamanin da ɗan wasa ke karɓar albashi ko ɗan alawus, shirin kuma ya zama mallakar tasha. Ko an maimaita shi sau nawa, ba abin da ke dawowa aljihunsa. Da tsufa da ciwo suka zo, wasu sai da aka yi musu neman taimako a kafafen labarai. Karkuzu ya sha fama da ciwon ido da rashi kafin rasuwarsa a 2025. Ayyukan nasu ma ba su tsira ba: kaset na da tsada a lokacin, akan goge tsohon shiri a ɗora sabo, wasu kuma zafi da ƙura suka cinye. Abin da ke yawo a YouTube da WhatsApp yau ɗan kaɗan ne daga abin da aka yi. Mu da muka ga yadda yaƙi ya taɓa gidajen tarihi da ɗakunan ajiya a Khartum da Umdurman, ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan asara ba.

Kada kuma wani ya ce wasan kwaikwayo baƙon abu ne da rediyo ya kawo wa Bahaushe. Tun kafin rediyo akwai 'yan kama, masu naɗa rawani su zauna kamar malamai suna wa'azi, alhali duk zancen tuwo da nama ne. Akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, kowa ya ga halinsa. Akwai tashe a watan azumi, yara su sa gemun auduga su fito a tsoho. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno, daga cikin wannan al'ada suka fito. A fagen waƙa mun riga mun ga abin da 'yar gida za ta iya: A'isha Falatiya ta shiga rediyon Umdurman tun farkon shekarun 1940, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, Sudan duka ta saurara. A fagen wasa ne har yanzu ake ba da labarinmu da bakin wasu.

Alhali ga mutanen nan a gabanmu, ba sai an ƙirƙiro su ba. Ga manomin da ya ƙare rayuwarsa a hawasha, wato gonar wani, yana lissafin rabon auduga. Ga masuncin bakin kogi, ga mai shayi a tashar Sinnar, ga tsohon da ya fito da niyyar Makka ya yi zango na wata guda, zangon ya zama shekara hamsin. Ga jikarsa da ke fara jimla da Hausa ta ƙare da Larabci, kakar na gyara mata. Hausarmu da ta sha ruwan Nilu, wadda wasunmu ke jin kunyar yi a gaban baƙo daga Kano, kayan aiki ce kamar yadda Barikanci ya zama a hannun Usman Baba.

Don haka kirana ga samari da 'yan matan Sinja, Mai Wurno, Damazin da ƙauyukan Jazira: ku zauna da tsofaffinku ku ɗauki muryoyinsu a waya tun suna raye, ku tambaye su wasannin da suka yi da ƙuruciya, ku haɗa ƙungiya ko ta mutum biyar ce, ku fara da labarin layinku. Abin da kuka ɗauka ku ajiye shi a wuri fiye da ɗaya. Shugabannin makarantu da na kulob-kulob na unguwa da sarakunanmu kuma, ku ba yaran nan fili da tabarma ko sau ɗaya ne a wata.